Babin Gado na Risala da Gidajenmu na Kilomita Biyar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Shi ne zai gaje ƙasa da abin da ke kanta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Kwanan baya ɗaliban da ke zama da ni bayan Magariba suka kai ƙarshen babin fara'idi a Risala. Kafin mu shafa fatiha sai na ce bari in gwada su da tambaya ɗaya. Na ce: mutum ne ya fita daga gidansa a Miskin cikin Janairun 2014, ya ce zai je ya nemo motar da za ta kwashe iyalinsa, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mace ɗaya, da shago a kasuwa. Ku raba. Ban rufe baki ba wani yaro mai kaifin kai ya ce matar tana da sumuni, sauran a kasa shi biyar, kowane namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Lissafinsa daidai, ko dala bai ɓata ba. Sai na ce masa, ɗana, wa ya gaya maka mutumin ya mutu? Ajin ya yi tsit.

Ba ƙirƙirar tambayar na yi ba. Wata baiwar Allah ce ta kawo mini ita har zaure shekarun baya, kuma ni ma a ranar babin fara'idi na fara buɗewa, na duba daga farko har ƙarshe ban sami amsarta a can ba. Tun daga lokacin nake son in yi rubutu a kan wannan babi da yadda muke karantar da shi.

In fara da haƙƙin littafin. Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya rubuta Risala ne domin yara masu koyo, bisa roƙon wani malamin yara. Sama da shekara dubu ke nan ana karanta ta daga Ƙairawan har Kano har nan Bangi, kuma babu malaminmu da bai bi ta kanta ba. Babin gadonta a tsare yake. Ya ƙidaya maka maza goma da mata bakwai masu gado, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wanda yake toshe wani, ya kawo auli, wato lokacin da kasoshi suka fi ƙarfin dukiya sai a rage wa kowa, ya ƙare da matsalar kaka da 'yan'uwa. Wanda ya haddace shi ya kuma bi sharhin Samarud Dani da malami, ba za a cuci 'yar'uwarsa a gabansa yana kallo ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da har yanzu za ka ji namiji yana cewa ai mace ba ta gadon gida, sai dai a ba ta kuɗi ta yi haƙuri.

Amma babin yana farawa ne daga inda wahalarmu ta ƙare. Yana ɗauka an san mutum ya mutu, an san ranar, an san abin da ya bari, magada suna wuri ɗaya, kuma akwai alƙalin da zai yanke. Mu kuwa tun daga 5 ga Disamba 2013 waɗannan abubuwan ne muka rasa. Wasu sun mutu ba a ga gawarsu ba. Wasu an ga gawar amma ba a san wa ya riga wani ba. Takardun gida sun ƙone. Magada kuwa, ɗaya yana Garwa-Bulai, ɗaya yana Gawi kusa da Njamena, ɗaya yana Sido tun da aka kwashe mutanen PK12 a Afrilun 2014. Ban ɗora wa Shehu laifi ba, don ya kawo hukuncin yawancin waɗannan abubuwan. Sai dai ya warwatsa su a wasu babuka, mu kuma muna karanta kowane babi da shekararsa, har ɗalibi ya zo fara'idi ya manta abin da ya gani a baya. Laifin tsarin karatunmu ne, kuma ni ina cikin masu laifin.

Ɗauki jerin abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci: likkafani, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Ka san inda Risala ta ajiye wannan? A babin hukunce-hukunce da shaidu. Yaron da ya raba shagon nan bai tambaye ni ko ana bin mai shagon bashi ba, alhali ɗan kasuwar Kilomita Biyar da ba a binsa kuɗin kaya daga Duala sai an tona. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, sau huɗu suna maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi.

To mu koma ga wanda ya ɓace, wanda malamai suke kira mafƙudi, don shi ne ya fi cin rai. Risala ta kawo shi a babin aure da saki, cikin 'yan kalmomi. Ta ce matarsa za ta kai ƙara, a yi bincike, a ɗiba masa shekara huɗu, sannan ta yi takaba, ta yi aure in ta so. Dukiyarsa kuwa ba za a gaje ta ba sai an kai lokacin da irinsa ba ya rayuwa har zuwa gare shi. Malaman mazhaba suka ce wannan shi ne ya cika shekara 70 da haihuwa, wasu suka ce 75, shi Ibn Abi Zaid da kansa an ruwaito ya zaɓi 80. Yanzu ka auna. Mutumin Miskin yana da kamar shekara 40 ya ɓace. In aka tsaya a kan Risala kaɗai, marayunsa sai su jira shekara 30 ko 40 shagon yana rufe, ko yana hannun ƙanen ubansu wanda ke cewa ajiya yake yi musu. Na ji malamin da ya ba da wannan fatawar, da kyakkyawar niyya, kuma daga littafi ya karanto ta. A nan ne nake ganin taƙaitawar Risala tana iya cutarwa in ta faɗa hannun wanda bai wuce ta ba.

Domin Shehu Halil a Muhtasar bai mayar da masu ɓacewa abu guda ba. Wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi cikin zaman lafiya, shi ne mai shekara huɗun nan. Wanda ya ɓace a fagen faɗa tsakanin Musulmi da Musulmi, matarsa tana shiga takaba bayan an rabu da faɗan, kuma a lokacin ake raba dukiyarsa. Ya haɗa da shi wanda ya ɓace a garin annoba. Wanda kuma ya ɓace a faɗa tsakanin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, ana jira shekara ɗaya bayan an gama bincike. Ka ga tazarar da ke tsakanin shekara ɗaya da shekara 30.

Na san wani zai ce, Malam, ai ku kuke cewa abin da ya same mu ba yaƙin addini ba ne. Haka ne, kuma ina nan a kan bakana. Marigayi Imam Umar Kobine Layama da Kardinal Nzapalainga sun sha faɗin haka a lokacin da faɗinsa yake da hatsari, kuma akwai Musulmin da suka tsira a cikin coci. Abin da Halil ya duba ba sunan faɗan ba ne, rinjayen zato ya duba: wanda aka gani na ƙarshe a wurin da ake kashe mutane, mafi rinjaye ya mutu. Shi ya sa ya sa annoba a layi ɗaya da yaƙi. Saboda haka dole a bambanta. Wanda shaidu suka gan shi a unguwar da aka kai wa hari a ranar harin, hukuncinsa daban. Wanda aka gan shi ya hau babbar mota lafiya lau, ya ƙetare iyaka, sannan labarinsa ya yanke, wannan yana iya kasancewa yana raye a wani sansani, ko ya yi wani auren a Kamaru ya yi shiru, Allah Ya shirye shi. Ba za a raba dukiyar wannan da gaggawa ba. Binciken ma ba na fatar baki ba ne: a tambayi direbobin hanyar Garwa-Bulai, a aika sansanonin Lolo da Timangolo da Gado-Badzere (ka ji sunan wurin ma, Gado), a kai sunansa ga ƙungiyar agaji ta Red Cross da ke neman waɗanda suka rabu da danginsu.

Wa zai yanke hukuncin, tunda ba mu da alƙalin Musulunci a Bangi? Halil ya amsa. Ya ce matar ta kai ƙara ga alƙali ko hakimi, in babu su sai ta kai ga jama'ar Musulmi. Jama'ar Musulmi kuwa mu ne, limamai da dattawan masallatai. Wallahi wannan magana tana hana ni barci. Duk matar da ta yi shekara goma ba ita ga aure ba ita ga takaba, tana yawo daga wannan malami zuwa wancan kowa yana cewa ki yi haƙuri, haƙƙinta yana wuyanmu. Ba aikin liman ɗaya ba ne a zaurensa. Zama ake so na mutane adilai masu ilimi, a ji shaidu, a rubuta, a sa hannu, a ba ta takarda. Sannan a raka ta kotun gwamnati ta nemi hukuncin da zai ba ta takardar mutuwa, don in ba haka ba, ranar da za a sayar da gida za a tarar da mai gidan yana raye a takarda.

Na biyun mafƙudi su ne waɗanda suka mutu tare. Uba da ɗansa a mota ɗaya, ba a san wanda ya fara cikawa ba. Risala ba ta ware musu babi ba. Rahbiyya, waƙen nan na fara'idi mai baiti kusan 175 na Imam Rahbi wanda ya rasu a 577, da su ta rufe: waɗanda suka nutse, waɗanda gini ya faɗa musu, waɗanda gobara ta cinye. Hukuncin shi ne ba sa gadon juna, kowanne rayayyun magadansa ne za su gaje shi. Marubucinta Bashafi'e ne, amma a wannan mas'ala mu da su bakinmu ɗaya. Kafin wannan babin akwai na munasaha, wato magaji ya mutu kafin a raba, rabonsa ya koma ga nasa magadan. Gidajenmu da yawa haka suke: kaka ya rasu tun zamanin Kolingba ba a raba ba, 'ya'yansa uku sun bi shi, yanzu jikoki ashirin ne ke kallon ɗaki shida. Abin takaici ɗalibanmu da ke ɗaukar Rahbiyya galibi a babin hisabi suke gajiya, su ajiye ta ana saura 'yan baitoci su isa inda muke buƙata.

Maganar gidajen da aka bari kuwa, a gurguje. Na fara jin wasu suna cewa ai Risala ta ce wanda ya riƙe gida shekara goma ya zama nasa, kuma daga 2014 an wuce goma. A karanta sharaɗin. Sai mai gidan yana nan a gari, ya sani, ya yi shiru ba tare da uzuri ba. Wanda ya gudu da ransa ba ya nan, wanda tsoro ya hana shi magana yana da uzuri. Kuma a wurin nan dai Shehu ya ce tsakanin dangi da surukai wannan adadin shekaru ba ya mallakarwa. Don haka wanda ke zaune a gidan ɗan'uwansa da ke Cadi, mai gadi ne, ko da ya sake kwano ya yi fenti.

Yanzu wasiyya, wadda ita ce muka fi sakaci da ita. Risala ta buɗe babinta da cewa wanda yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kamata ya tanade ta, daidai da hadisin Ibn Umar da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya hana Musulmi kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba in yana da abin faɗa. Ƙa'idojin sanannu ne: ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun yarda. Mu kuma mun ɗauke ta kamar kiran mutuwa. Ka ce wa Alhaji ya rubuta wasiyya, sai ya ce Malam fata kake yi mini? Mutanen da suka kai har 2016 ba sa iya kai gawarsu maƙabartar Boeing, su ne ke tsoron takarda da alƙalami.

Mutum biyu nake so dattawanmu su tuna da su a sulusin nan. Na farko jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa. A fitinar nan samari ne suka fi mutuwa, tsofaffi suka binne su. Ranar da tsohon ya rasu, 'ya'yansa maza da ke raye suna toshe 'ya'yan ɗan'uwansu, marayun ba su da ko dala. Wannan shi ne hukuncin, kuma ban zo in canza shi ba. Masar a 1946 ta mayar da wasiyya ga irin waɗannan jikoki dole a dokarta, wasu ƙasashe suka bi ta. Mu ba mu da wannan doka, amma ƙofar a buɗe take, tunda jikan da aka toshe ba magaji ba ne. Ga misali. Dattijo ya bar kaya da kuɗi na sefa 6,000,000 bayan an yi masa sutura, ana binsa 1,200,000. Saura 4,800,000, sulusinsu 1,600,000. A ce ya rubuta wa jikokinsa marayu 800,000. Saura 4,000,000. Matarsa ta ɗauki sumuni, 500,000. 'Ya'ya maza biyu kowanne 1,400,000, 'yarsa 700,000. Da bai rubuta ba, kowane namiji da 1,680,000 zai tashi. Bambancin 280,000 ne a kan kowane baffa, ga marayu kuwa shi ne jarin teburin uwarsu da kuɗin makaranta.

Na biyu ita ce matar da ba ta musulunta ba, ko uwar wanda ya musulunta. A Bangi wannan ba baƙon abu ba ne, kusan kowane layi akwai gidan da ake Hausa da Sango a tsakar gida ɗaya, wasu na zuwa masallaci wasu na zuwa coci. Babin fara'idi ya ce bambancin addini yana hana gado, ya tsaya nan. Ɗalibi sai ya ɗauka shi ke nan, matar da ta yi shekara talatin tana dafa wa mutum abinci, wataƙila ma danginta ne suka ɓoye shi a 2014, za ta fita da zanen jikinta. Alhali da yake ba ta gado, wasiyya gare ta ta halatta har zuwa sulusi. In bai rubuta ba, me zai faru? Danginta za su kai maganar kotu, kotu kuwa da dokar iyali ta 1997 take aiki, ba da Risala ba, sai a yi shekaru ana shari'a, lauyoyi su cinye abin da ake faɗa a kai, a bar gaba tsakanin yara da dangin uwarsu.

Sai abubuwa uku da mutane ke tuntuɓe a kansu, dukkansu suna cikin littattafan da ke hannunmu. Kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. Uban da ya ce na ba wane shagon nan, amma ya ci gaba da riƙe mabuɗi da ciniki har ya mutu, shagon gado ne, ko da duk kasuwa ta ji ya faɗa. Kuma a tuna Annabi ya ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da ita ban da 'yan'uwansa. Na biyu, wanda yake ciwon ajali in ya ce magajinsa wane yana binsa bashi, ba a karɓa. Wannan ya fi shafar mata. Sau nawa mace take kwasar adashinta ta zuba a shagon miji ba takarda ba shaida? In ya bari sai yana kan gado sannan ya faɗa, kuɗinta sun shiga rabo. Ya rubuta tun yana da lafiya, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na uku, Halil ya ce wasiyyar da aka tarar da rubutun hannun mamaci amma bai sa shaidu ba, bai kuma ce a zartar da ita ba, ba a zartarwa, don mai yiwuwa tunani yake yi bai yanke ba. Takardar da ke ƙarƙashin katifa ba ta isa ba, a kira adilai biyu.

Kuma kar a ajiye ta wuri ɗaya. Waɗanda shagunansu suka ƙone a rikicin Disamban 2019 sun san abin da nake nufi, littafin bashi da kaya tare suka tafi. A yi kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya wurin liman ko wasiyyi, ɗaya a ɗauki hotonta a tura ta WhatsApp ga ɗan'uwa a wani gari. A rubuta wanda kake bi da wanda ke binka, ajiyar mutane da ke hannunka, abokin tarayyarka a mota ko shago da kason kowa, inda takardar fili take da sunan da ke kanta, da dukkan 'ya'yanka har waɗanda ke Kamaru da Cadi da sunayen iyayensu mata. Wannan na ƙarshe na san zai yi wa wasu nauyi.

Ga ɗalibaina, na canza tsarin. Ba za mu wuce zuwa babi na gaba ba tukuna. Za mu koma baya mu tattaro mas'alar mafƙudi daga babin aure, wasiyya daga babinta, kyauta daga babin da ta zo a ciki, jerin haƙƙoƙi da riƙon gida daga babin hukunce-hukunce, mu karanta su a jere, sannan mu ɗauki babuka uku na ƙarshen Rahbiyya da abin da Halil ya ce. Kowa ya zo da littafin rubutu da biro ranar Asabar bayan La'asar, don kowannenku zai rubuta wasiyyar gwaji, mu gyara tare. Dattawan da ke son zama a bayan aji, akwai tabarma. Wallahu a'alam.